Tambaya kan Helheim: me ya sa matattun Viking suke tafiya ƙasar ƙanƙara?

Sadiku_Gwammaja ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina da tambaya, kuma zan ɗan ja ta da tsawo, ku yi mini haƙuri.

Ina riƙe da wani ɗan shagon gem a nan Gwammaja. Yaran da ke zuwa kusan duk ƙwallo ce ke kawo su, daga tashi makaranta har kiran magariba ba ka jin komai sai ihun an ci da gardamar wa ya fi wani. Ni kuwa sai dare ya yi, na sallami kowa na ja ƙofa, in akwai wuta ko da sauran mai a janareta, sannan nake zama in buga nawa. Kwanakin nan God of War nake bugawa, na 2018, wanda Kratos ya baro ƙasar Girka ya koma can arewacin duniya, ƙasar mutanen Viking, shi da ɗansa Atreus.

Na kai wurin da yaron ya kwanta ciwo magashiyan, Freya, bokanyar da ke taimaka musu, ta ce ba shi da magani sai zuciyar mai gadin gadar Helheim, wato ƙasar matattu. Ta ja wa Kratos kunne cewa gatarinsa na ƙanƙara ba zai tsinana masa komai a can ba, kuma babu tsafin da zai iya kunna wuta a wurin saboda tsabar sanyi. Shi ya sa ya koma gida ya ɗaga katakon daɓen ɗakinsa, ya ciro tsofaffin wuƙaƙen nan nasa masu sarƙa da ya daɗe da binnewa. Duk wanda ya buga ya san wurin. Komai kore-kore ne mai duhu, iska na ta kaɗawa ba ta hutawa, ga matattu a jere kan doguwar gada suna tafiya babu mai waiwayen ɗan'uwansa, can nesa kuma wani ƙaton tsuntsu ya zauna a saman gini yana kallon kowa.

Faɗan bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne bayanin da aka yi na waɗanda ke zuwa wurin. Wai duk wanda bai mutu a fagen yaƙi ba can zai tafi, wanda tsufa ya ɗauka da wanda ciwo ya kwantar. Sai na ajiye abin buga gem ɗin na yi shiru. Kakata, Allah Ya jiƙanta, a kan gadonta ta cika, ta tsufa tukuf, 'ya'ya da jikoki kewaye da ita, ana laƙƙana mata kalmar shahada tana amsawa. Duk wanda ya zo gaisuwa cewa yake ta yi kyakkyawan ƙarshe. Mu irin wannan mutuwar muke roƙo. To yaya za a yi a ce akwai al'ummar da ta ɗauki wannan a matsayin abin kunya, har ta tanadar masa gidan azaba? Mata fa? Jarirai fa? Manomin da bai taɓa riƙe takobi ba fa? Ai su ne mafi yawan mutane a kowace ƙasa.

Na san ba addinina ba ne, labarin maguzancin wasu mutane ne da suka shuɗe, kuma ba don in gaskata nake tambaya ba. So nake in san ko da gaske haka suka yi imani, ko masu haɗa gem ɗin ne suka ƙara gishiri. Sannan me ya sa sanyi? Mu tun muna yara in an ce azaba wuta ce ke faɗo mana a rai. Ko a tsakiyar hunturu, lokacin da leɓe ke tsagewa, faso ya kama ƙafa, mutane suka kewaye murhun mai shayi da asuba, ban taɓa jin wani ya ce sanyi ne ƙarshen wahala ba. Akwai kuma wani wuri a taswirar gem ɗin mai suna Niflheim, shi ma an ce na sanyi ne da hazo. Wuri ɗaya ne da Helheim ko daban-daban ne?

Wanda ya san wani abu don Allah ya taimaka.

Abba_PS ya rubuta:

Wa alaikumus salam Yaya Sadiku. Tarihin ban sani ba, amma ta fuskar gem zan iya cewa wani abu.

A wannan na 2018 wurare biyu ne daban. Niflheim ɗinsu ma ba ƙanƙara ce ta cika shi ba, hazo ne mai guba a maƙerar wani Ivaldi. Kana shiga lokaci na tafiya, ɗakunan suna canzawa duk shigar da ka yi, in ka yi haɗama ka daɗe hazon ya kashe ka, duk abin da ka tara ya tafi. A God of War Ragnarok na 2022 ne suka mayar da shi ƙasar dusar ƙanƙara sosai, inda bishiyar hankakin nan take. A can ne kuma za ka ji sunan tsuntsun da ka gani, Hraesvelg, kuma ita ce ke mulkin Helheim a labarinsu. Akwai wani ƙaton kare Garm a ɗaure da sarƙa, ba zan faɗa maka abin da ya faru ba kada in ɓata maka.

Amma in ka je Assassin's Creed Valhalla taswirar daban ce. A ƙarin da suka saki kyauta a 2022, Forgotten Saga, Odin, babban allolin Viking, ne da kansa yake shiga Niflheim don ya ƙwato ɗansa Baldur daga hannun Hel, sarauniyar matattu, kuma Helheim ɗin a can ƙarshen Niflheim yake, a cikinsa. In an kashe ka sai ka koma farko ka sake. Ka ga kowane kamfani da yadda ya tsara abinsa. A Valheim kuwa babu ƙasar matattun, amma in ka hau dutse ba rigar fatar kyarkeci ko abin shan maganin sanyi, jininka zai dinga raguwa har ka faɗi ba wanda ya taɓa ka.

Shawara ɗaya: iskar Hel ɗin nan da maƙerin nan Brok zai koya maka ɗauka da wuƙaƙe, daƙiƙa 10 kawai take yi. Ka fara gano inda za ka sa ta kafin ka ɗauko.

Malam_Mai_Ritaya ya rubuta:

Ƙanina Sadiku, sannu da ƙoƙari. Ni ban taɓa riƙe abin wasan nan naku ba, tarihi na koyar a sakandare har na ajiye alli, amma labaran mutanen nan na daɗe ina karanta su, kuma tambayarka ta mai hankali ce. Allah Ya jiƙan kakarka.

Fara da sanin ta ina labarin ya iso mana. Zamanin Viking ana ƙirga shi daga 793, shekarar da suka far wa gidan ibadar Kiristoci a tsibirin Lindisfarne na Ingila, zuwa 1066. Ba su bar wani littafin addini ba. Kusan duk abin da ake faɗa yau a tsibirin Aislan aka rubuta shi, bayan mutanen can sun karɓi Kiristanci wajen shekara ta 1000. Akwai tarin tsofaffin waƙoƙi da aka kwafa wajen 1270, akwai kuma littafin Edda na Snorri Sturluson, wani babban ɗan siyasa kuma mawaƙi da ya rubuta shi wajen 1220, aka kashe shi a 1241. Snorri Kirista ne, tsakaninsa da masu wancan addini shekara 200 ce da ɗoriya, kuma ya yi littafin ne don matasan mawaƙa su fahimci tsofaffin baituka. Mutum ne mai son ya ga komai a jere. Inda waƙoƙi suka saɓa wa juna sai ya daidaita su. Wannan rabon da ka ji, na mayaƙa wajen Odin, marasa lafiya da tsofaffi wajen Hel, a bakinsa ya fi fitowa sarai.

A faɗarsa, Niflheim ya riga duniya samuwa. Ƙasar hazo da ƙanƙara ce a arewa, a tsakiyarta akwai idon ruwa mai suna Hvergelmir inda koguna ke ɓuɓɓugowa. A kudu akwai Muspell, ƙasar wuta. Tsakaninsu wawakeken rami ne, Ginnungagap. Da hucin wutar ya haɗu da ƙanƙarar sai ta fara ɗiga, daga ɗigon aka sami basamude na farko, Ymir. Ita kuwa Hel mace ce, 'yar Loki, mayaudarin cikin allolinsu, da wata basamudiya Angrboda, 'yan'uwanta su ne kyarkecin nan Fenrir da macijin da ya naɗe duniya. Odin ya jefa ta Niflheim ya ba ta iko, ya ce ta ba da masauki ga duk wanda aka aiko mata, wato wanda ciwo ko tsufa ya kashe. Ka ga a wajen Snorri gidan Hel a cikin Niflheim yake, don haka wasan Assassin's Creed Valhalla da Abba ya ambata ya fi kusa da shi a nan. Tsuntsun kuwa aro aka yi daga wani wuri. A tsohuwar waƙa basamude ne mai siffar gaggafa, yana zaune a ƙarshen sama, kaɗawar fikafikansa ce ke kawo iska. Ba shi da sarauta a kan matattu.

Yanzu dubi yadda aka siffanta gidanta, domin amsar tambayarka ta sanyi a nan take. Rabin jikinta baƙi-baƙi ne, rabi kalar fatar mai rai. Akushinta sunansa Yunwa. Wuƙarta Fari. Dokin ƙofarta Tuntuɓe. Gadonta Jinya. Bawanta da kuyangarta duka sunayensu na nufin masu jan ƙafa. Babu bulala, babu mari, babu mai dukan wani. Abin da ke cikin gidan shi ne abin da ke shiga gidan talakansu duk shekara in sanyi ya kankama. A Reykjavik, babban birnin Aislan, hasken rana a tsakiyar Disamba bai fi awa 4 da 'yan mintuna ba. A Tromso ta arewacin Norwe rana ba ta leƙowa sam daga ƙarshen Nuwamba har tsakiyar Janairu. Manomi ya yanki ciyawa a ɗan gajeren lokacin ɗumi ya adana, in ta ƙare kafin ƙanƙara ta narke shanu su mutu, bayan shanu sai tsofaffi da yara. Sanyinsu kamar tsakiyar marka ne a ƙauyukanmu a shekarar da rumbu ya ƙare sabon hatsi bai nuna ba, sai dai nasu ya haɗa da duhu na watanni. Wuta a wurinsu rai ce, ita ce murhun tsakar ɗaki. Ko tashin duniyarsu, Ragnarok, da sanyi uku a jere zai fara, babu bazara a tsakani.

To gidan azaba ne? Ga labarin da zai nuna maka. Baldur ɗan Odin, wanda kowa ke ƙauna, Loki ya yaudari Hod, makahon ɗan'uwan Baldur ɗin, ya jefe shi da reshen kauci ya mutu. Ba a Valhalla, zauren Odin na mayaƙan da suka mutu a yaƙi, ya sauka ba, wajen Hel ya tafi. Wani ɗan'uwansu Hermod ya hau Sleipnir, dokin Odin mai ƙafa 8, ya yi dare 9 yana ratsa kwaruruka masu zurfi da duhun da ba ya ganin komai, har ya isa kogin Gjoll. Gadar kogin da zinare aka lulluɓe ta, mai gadinta kuma budurwa ce, Modgud, ba dodon da kuka cire wa zuciya ba. Ta tambaye shi sunansa da asalinsa, ta ce jiya runduna 5 ta matattu ta wuce amma gadar ba ta yi ƙarar da take yi a ƙarƙashinsa shi kaɗai ba, kuma ba shi da launin matattu. Ta nuna masa hanya, ƙasa da arewa. Da ya shiga gidan, a kujerar girma ya tarar da Baldur. Ya kwana a can. A wata tsohuwar waƙar ma an ce tun kafin Baldur ya iso an ƙawata kujeru da zobba, an dafa masa giyar zuma ana jiransa. Hel ta ce za ta sake shi in har komai na duniya, mai rai da maras rai, ya yi masa kuka. Mutane da dabbobi da duwatsu da ƙarafa duk suka yi, sai wata basamudiya a kogo, Thokk, ta ƙi, kuma ana zaton Loki ne ya rikiɗe. Shi ke nan Baldur ya zauna.

Wurin azaba akwai shi, amma na masu laifi ne. Sunansa Nastrond, gaɓar gawarwaki: ɗaki ne nesa da rana, ƙofofinsa na kallon arewa, an saƙa bangonsa da gadon bayan macizai, dafi na ɗiga ta rufi. Masu kisan gilla da masu karya rantsuwa da masu lalata matan mutane su ke tafiya cikin kogunan wurin. Tsohuwar da ta mutu a gadonta ba ta da hurumi a can.

Gaskiya ne mayaƙa sun fifita Valhalla, mai ƙofa 540, kowace ƙofa mutum 800 za su fita ta cikinta ranar yaƙin ƙarshe. Amma ka tuna su wa ke biyan mawaƙa: sarakuna masu buƙatar samari su mutu dominsu. Sauran jama'a suna da nasu zato iri-iri. Rabin waɗanda aka kashe a yaƙi ma wajen Freya suke zuwa. Wanda teku ta ci, Ran, allahiyar teku, ce ke kama shi da komarta. Wani dangi a yammacin Aislan sun yi imani cikin wani tsauni mai suna Helgafell za su shiga in sun mutu, su tarar da iyayensu ana shagali a bakin wuta. Egil Skallagrimsson, mayaƙi kuma mawaƙi na ƙarni na 10, da ɗansa ya nutse a teku ya yi masa waƙar makoki, a ƙarshenta ya ce zai jira Hel da farin ciki ba tare da baƙin rai ba. Tsufa ne ya kashe shi bayan ya makance. Kabari mafi ƙawa da aka tono daga zamanin, jirgin ruwan Oseberg da aka binne a 834 aka haƙo a 1904 a Norwe, mata biyu ne a cikinsa, ɗaya tsohuwa ce sosai, an haɗa su da dawakai da gadaje da keken doki da kayan saƙa. Mutanen da suka yi wa tsohuwa wannan rakiyar ba su ɗauki mutuwarta abin kunya ba.

Ra'ayina, masu wasan sun ɗauki gidan talakawan matattu sun mayar da shi kurkuku, domin wasa na buƙatar abokan gaba da za a sara.

Malama_Kurna ta rubuta:

Malam, Allah Ya ƙara ilimi, na ƙaru ƙwarai. Malam Sadiku, zan ɗan gyara maka abu ɗaya. Ka ce mu wuta kawai muka sani. A'a, a addininmu ma an ambaci sanyi. A Suratul Insan, aya ta 13, Allah Ya siffanta 'yan Aljanna da cewa ba sa ganin rana a cikinta, ba sa ganin zamharira, wato matsanancin sanyi. Akwai kuma hadisin Abu Huraira a Bukhari da Muslim, cewa wuta ta kai kuka ga Ubangijinta, sai Ya yi mata izinin numfashi biyu, ɗaya lokacin sanyi ɗaya lokacin zafi, kuma shi ne mafi tsananin zafi da mafi tsananin sanyin da muke ji. Zafin Kano ne ya sa wa'azinmu ya fi karkata ga ɗaya.

Sannan akwai Musulmin da ya ga mutanen nan da idonsa. Ahmad ɗan Fadlan, wanda halifa Muƙtadir ya tura daga Bagadaza a 921 zuwa ga sarkin Bulgar na bakin kogin Volga. A hanya sanyi ya tsare su a Jurjaniya, kogin Jaihun ya daskare, ya ce sun zaci wata ƙofar zamharira ce aka buɗe musu. Ya fito daga gidan wanka, kafin ya isa masauki gemunsa ya zama dunƙulen ƙanƙara, sai da ya kara shi a wuta. A 922 ya haɗu da fataken Rus, waɗanda masana da yawa ke cewa daga arewacin Turai suka fito, ya halarci jana'izar wani shugabansu da aka ƙone cikin jirgin ruwa. An kashe wata kuyanga don ta raka shi, labarin ba daɗin ji. Kafin a kashe ta an ɗaga ta sama, ta ce tana hango iyayenta da danginta da suka mutu, tana hango ubangidanta a wani lambu kore mai kyau. Ba ta ambaci ƙanƙara ba. Wannan ya ƙara ƙarfafa maganar Malam cewa ba bakinsu ɗaya ba.

Roƙona gare ka a matsayina na uwa: wannan wasan na manya ne, an rubuta a jikin kwalinsa. Akwai fille kai da tsaga ƙirji, ga kuma ambaton alloli barkatai. Babba mai aƙida zai kalla ya san tatsuniya ce. Yaro ɗan firamare da bai gama haddace Ahalari ba daban ne. Ka ci gaba da barinsa sai dare bayan sun tafi.

Zainabu_Hotoro ta rubuta:

Baba Malam, na gode da wannan karatu, amma ina da ɗan ja a kan maganarka ta ƙarshe. Ba duka masu gem ne suka mayar da wurin filin sara ba.

Yaya Sadiku, ka nemi Hellblade, na 2017, kamfanin Ninja Theory na Ingila ne ya yi shi. Senua ba 'yar Viking ba ce, 'yar ƙabilar Pict ce daga tsibiran Orkney a arewacin Sikotlan. Ta dawo gida ta tarar 'yan Viking sun ƙone garinsu sun yi tsafi da masoyinta Dillion. Sai ta naɗe kansa a ƙyalle ta rataya a ƙugu, ta kama hanyar Helheim don ta roƙi Hela, wato Hel, ta dawo mata da ransa. Abin da ya bambanta shi, Senua na da taɓin ƙwaƙwalwa, tana jin muryoyi. Masu gem ɗin sun zauna da likitan ƙwaƙwalwa na jami'ar Kambirij da kuma mutanen da ke fama da ciwon kafin su haɗa shi. Dole ka sa abin kunne. Wata murya za ta raɗa maka ta dama cewa ka koma ba za ka iya ba, wata ta hagu tana dariya, wata ta ce waiwaya, kuma in ka waiwaya da gaske akwai mai kawo maka sara.

Ni ɗalibar aikin jinya ce, kuma na buga shi ne ba da daɗewa ba bayan rasuwar yayata wajen haihuwa. Akwai wurin da take tafiya cikin baƙin duhu ba ta ganin komai, sai sautin ruwa da motsin iska take bi. Na san wannan tafiyar. Watannin farko haka gidanmu yake, kowa na lalube. A ganina ƙasar matattun da ake nunawa a irin waɗannan wasannin ba ta matattu ba ce, ta wanda aka bari ce. Kullum mai rai ne ke shiga, uba don ɗansa, mace don masoyinta, kuma ko a labarin da Baba Malam ya ba mu ɗan'uwa ne ya tafi roƙo. Shi Baldur yana zaune a kujerar girma, Hermod ne ya sha duhun dare 9. In an zana wurin da ban tsoro, idon mai zuwa roƙon aka ara, kuma ban ga ƙarya a ciki ba.

Sadiku_Gwammaja ya rubuta:

Allah Ya saka muku da alheri gaba ɗaya. Zainabu, Allah Ya jiƙan yayarki, Ya raya abin da ta bari, Ya ba ku haƙuri.

Malama, na karɓi maganarki. Dama faifan a aljihun tebur nake kulle shi, kuma zan ci gaba da haka, har da manyan samarin da ke naci in ba su. Labarin ɗan Fadlan kuwa ya burge ni matuƙa. Mutumin Bagadaza, mai salla irin tamu, ya tsaya a bakin kogi yana kallon abin da ni sai a allon talabijin na gani.

Baba Malam, maganar akushi mai suna Yunwa da gado mai suna Jinya ita ta fi shiga raina. Da Abba ne ya ce mini wurin akwai dodanni dubu ba zan ji komai ba. Amma wannan gida ne da mutum zai iya ganewa. Ina tare da kai cewa God of War ya zalunci matattun nan, domin waɗanda nake sara da wuƙa a kan hanyar gadar, in aka bi lissafin gem ɗin kansa, tsofaffi ne da marasa lafiya. Ina kuma tare da Zainabu cewa tsoron wurin na mai rai ne. Ban ga maganganun biyu sun ture juna ba.

Abin da nake ta tunani tun jiya shi ne tafiyar Hermod. Daga farkonta har ƙarshe babu inda ya zare takobi. Duhu ne, sai gada, sai mai gadi da ta tambaye shi ko shi ɗan wane ne, sai roƙo, sai sharaɗi, sai a bi duniya gida-gida ana neman kowa ya yi kuka. Da ina da ikon haɗa gem wannan zan haɗa: kai ne manzo, kana bin mutane da itatuwa da duwatsu kana lallashi, kowa da dalilin da zai sa ya zubar da hawaye ko ya ƙi, har ka iso bakin kogon tsohuwar nan. Na tabbata yaran shagona da ba sa iya minti biyar ba ƙwallo ba, wasunsu za su zauna su ga ƙarshensa.

Baba Malam, saura tambaya ɗaya. Ita Thokk ɗin, an faɗi dalilin da ta bayar na ƙin kukan, ko shiru kawai ta yi? Kuma bayan Ragnarok Baldur yana fitowa daga wajen Hel, ko can zai dawwama? Abba, in kana da faifan Hellblade ko yana cikin asusunka, ka biyo da shi ranar Juma'a bayan an sakko daga masallaci, shagon ba kowa a lokacin.